An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Harajin Dala 80 da Makomar Tsaraba

A ƙarshen watan Agustan 2025 hukumar gidan waya ta ƙasa, wato NIPOST, ta fitar da wata gajeriyar sanarwa. Abin da ta ƙunsa shi ne, daga ranar 29 ga Agusta duk wani ƙunshi da za a aika Amurka ta gidan waya, in ban da wasiƙu da takardu, sai mai aikawa ya biya dala 80 ko kwatankwacinta da naira a matsayin kuɗin fito, tun a nan gida, kafin a karɓi kayan. Wannan kuwa daban yake da kuɗin awo da aka saba biya.

Wani zai ce ina ruwan Sabo da dokar Amurka. To ai ruwan nan har ƙofar ɗakinmu ya iso. Gidaje da dama a unguwar nan suna da ɗa, ko ƙane, ko 'ya mai aure, ko ɗalibi a ƙasashen waje. Su suna turo kuɗi da magani da waya, mu kuma muna aika musu abin da kuɗi ba ya saya a can: hular zanna, ɗinkin Sallah, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, zanen goyo in an yi haihuwa. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ƙafarsa ba ta iya ƙetare teku, ƙunshin nan shi ne ƙafarsa. Don haka ya kamata mu zauna mu feɗe wannan sanarwa, mu ga inda ta yi daidai da inda ta kauce, mu kuma duba namu laifin.

Daga ina maganar ta taso?

Shekara da shekaru Amurka tana da wani rangwame a kan ƙananan kaya. Idan darajar ƙunshi ba ta wuce wani adadi ba, sai ya shige ba haraji, don wahalar karɓar kuɗin ta fi kuɗin kansa. A 2016 aka ɗaga adadin daga dala 200 zuwa dala 800. Wannan ƙofa ce manyan kamfanonin sayar da kaya ta intanet irin su Shein da Temu suka bi, suna aika wa kowane mai saye kayansa kai tsaye daga Sin. Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa irin waɗannan ƙunsuna sun tashi daga miliyan 134 a 2015 zuwa sama da biliyan 1.36 a 2024. Wato kusan miliyan 4 kowace rana ta Allah.

Gwamnatin Donald Trump ta fara rufe ƙofar ga Sin da Hong Kong ranar 2 ga Mayun 2025. Ranar 30 ga Yuli kuma ya sa hannu a umarnin da ya rufe ta ga duniya baki ɗaya, daga 29 ga Agusta. Umarnin ya ɗora nauyin karɓar harajin a kan masu jigilar saƙo, ga shi kuwa yawancin gidajen waya na duniya ba su da tsarin karɓa wa wata ƙasa haraji. Nan take abubuwa suka cakuɗe. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, mai hedkwata a birnin Bern, ta ce gidajen waya 88 sun dakatar da aika kaya Amurka, wasu gaba ɗaya wasu wani ɓangare, kuma saƙonnin da ke shiga ƙasar sun ragu da kashi 81 cikin 100 a ranar farko idan aka kwatanta da makon da ya gabata.

A nan sai mu yi wa NIPOST adalci. Ba ita ta ƙirƙiri harajin ba, kuma kuɗin na baitulmalin Amurka ne. Ta faɗi gaskiya da ta ce abin bai tsaya kan Nijeriya kaɗai ba, ta kuma yi gargaɗin cewa kaya za su iya jinkiri a hanya. Sannan ba ta rufe kanta ta ce a koma gida ba, kamar yadda wasu suka yi. Yabon ke nan. Saura gyara.

Kalmar da sanarwar ta tsallake

Babban aibin sanarwar shi ne shirun da ta yi a kan kyauta. Dokar kwastan ta Amurka ta daɗe da ware kyauta ta gaskiya, wadda mutum ya aika wa mutum, muddin darajarta ba ta wuce dala 100 ba ga mai karɓa ɗaya a rana ɗaya. Umarnin 30 ga Yuli bai taɓa wannan sassauci ba. Fadar shugaban Amurka da kanta ta bayyana cewa irin wannan kyauta za ta ci gaba da shiga ba haraji. Gidan wayar Jamus, a daidai lokacin da ya dakatar da karɓar kayan 'yan kasuwa zuwa Amurka, ya ci gaba da karɓar kyautar da ba ta wuce dala 100 ba daga mutum zuwa mutum, tare da gargaɗin cewa za a tsananta bincike.

Ita kuwa tamu sanarwar abu biyu kawai ta keɓe, wasiƙa da takarda. Duk wanda ya karanta, abin da zai fahimta shi ne hular da kaka ta saya wa jikanta da dilar hulunan ɗan kasuwa hukuncinsu ɗaya. In haka ake nufi, to ana shirin karɓar kuɗin da mai dokar ma bai nema ba. In kuwa ba haka ake nufi ba, me ya hana a faɗa? Layi ɗaya ya isa. Akawun da ke bakin kanta a babban gidan waya na Dugbe da abin da ke rubuce zai yi aiki, ba zai zauna yana fassara dokar Amurka ba. Tsohuwar da ta taso daga Sabo da ƙullin yaji ma ba za ta yi masa gardama ba. Za ta ɗauki ƙullinta ta juya, ta ce Allah ya kyauta. Sanarwar da aka yi domin talaka, in ta bar abin da ya fi shafar talaka a duhu, ba ta gama aikinta ba.

Mu yi lissafi

Aibi na biyu shi ne kuɗin bai-ɗaya. Umarnin Amurka hanya biyu ya bayar ga kayan gidan waya. Ta farko, a biya gwargwadon darajar kaya, bisa kason harajin da aka yanka wa ƙasar da kayan suka fito. Nijeriya an yanka mata kashi 15 cikin 100. Ta biyu, a biya tsayayyen kuɗi a kan kowane ƙunshi: dala 80 ga ƙasashen da kasonsu bai kai 16 ba, dala 160 ga masu 16 zuwa 25, dala 200 ga waɗanda suka haura haka. Wannan hanya ta biyu ta wucin gadi ce, wa'adin wata 6 aka ba ta. Ita ce ta fito a sanarwarmu.

Mutanen Sabo ba a koya musu lissafin dala, bakin titinmu ma makaranta ce. Lokacin da aka yi sanarwar dala tana wajen naira 1,500, ke nan dala 80 ta kama kusan naira 120,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne, na Jihar Oyo 80,000. Wato ƙaramin ma'aikaci zai ba da albashin wata ɗaya da rabi kafin a ɗora ƙunshinsa a sikeli.

Ɗauki hula ta naira 15,000, dala 10 ke nan. In da gwargwadon daraja za a bi, harajinta dala ɗaya da rabi ne, kusan naira 2,250. A tsarin bai-ɗaya kuwa harajin ya ninka kuɗin hular sau 8. Kafin kashi 15 cikin 100 ya kai dala 80, sai kaya sun kai kimanin dala 533, wajen naira 800,000. Duk wanda kayansa ba su kai haka ba ya biya fiye da kima, wanda kayansa suka haura haka shi ya ci riba. Kun ga an juya abin: mai ƙaramin ƙarfi ke ɗauke wa mai babban ƙarfi kaya.

Na san hujjar da za a kawo. Za a ce kuɗin bai-ɗaya ya fi sauƙin karɓa, ba sai an tsaya kimanta kowane ƙunshi ba, ga shi lokaci ya ƙure. Hujja ce mai ƙarfi a makon farko. Amma sauƙin na ofis ne, nauyin na mai aikawa. Kuma tun da wa'adin ƙarshen Fabrairun 2026 aka yanka, tun farko an san dole a koma kimanta daraja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma wani ya zauna jiran a ce an fasa, domin majalisar Amurka ta riga ta zartar da dokar da za ta soke rangwamen kayan kasuwanci dindindin daga 1 ga Yulin 2027.

Akwai wata 'yar magana kuma, “kwatankwacinta da naira”. A wane farashi? Na babban banki ko na kasuwa? Na yau ko na jiya? Ɗan canji mafi ƙanƙanta a Sabo ba zai karɓi kuɗinka ba sai ya faɗa maka farashi baki da baki. Hukuma ta fi cancanta da ta liƙa nata farashin a bango kullum safiya, ta kuma ba da rasit da ya raba kuɗin fito daban, kuɗin awo daban. Sannan sanarwar da Turanci ta zo mana, ta jaridu da intanet. A gari irin Badun, abin da ya shafi aljihun jama'a haka ya kamata a ji shi da Yarbanci da Hausa a rediyo.

Ita kanta dokar fa?

Masu dokar sun ce suna yaƙi ne da kayan jabu, da miyagun ƙwayoyi, da masu kauce wa haraji. Ba mai musun cewa kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta. Sai dai dubi wanda sandar ta sauka a kansa. Manyan kamfanonin da aka yi dokar dominsu suna da lauyoyi, suna da rumbuna a cikin Amurkar, suna iya shigo da kaya a kwantena su biya gwargwadon daraja. Mai ɗinkin hula, da matar da ke haɗa yaji tana sayar wa 'yan uwa ta WhatsApp, su ne ba su da mafita. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Kuɗin fito ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun biya shi a mashigar koguna da ƙofofin garuruwa, madugu yana ciniki da masu gari a madadin ayari. Turawan mulkin mallaka ma sun ɗora wa ayari haraji a Arewa gwargwadon darajar kaya, daga baya suka soke shi a 1907. Darasin da ke ciki tsoho ne. In fito ya yi daidai, ayari ya biya ya wuce. In ya yi tsanani, ayari ya canza hanya. Yau ma hakan za a gani, kuma sabuwar hanyar ita ce jakar matafiyi. Zan dawo kanta.

Namu kwastan

Ana wata ga wata. Kwana kaɗan bayan Amurka ta rufe ƙofarta, Nijeriya ta buɗe tata. Hukumar gudanarwar kwastan, ƙarƙashin ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ta amince cewa daga 8 ga Satumban 2025 kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba za su shigo ba haraji, ko ta saƙo ko a jakar fasinja, sau 4 a shekara, in dai ba haramtattun kaya ba ne. Wannan mataki ne mai kyau, yaba kyauta kuwa tukuici. Wanda ɗansa ya aiko masa da tabarau ko na'urar awon hawan jini yanzu yana da abin da zai kafa hujja da shi.

Amma akwai tambayoyin da mai karɓar saƙo ke da haƙƙin a amsa masa a fili. Wa ke ƙirga sau huɗun, kuma da sunan wa ake ƙirgawa, mai aikowa ko mai karɓa? In jami'i ya ce kayan sun fi dala 300, mai kaya ya ce ba su kai ba, wa zai raba gardama? In an yafe haraji, waɗanne kuɗaɗe ne suka rage a wuyan mai karɓa? Doka mai kyau in ba a liƙa ta inda jama'a za su gani ba, ta zama ta masu ido da sani kawai.

Gyara kayanka

Yanzu sai mu juyo gida, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu faɗa wa juna gaskiya, akwai masu cika kwali da turamen shadda ko huluna hamsin na sayarwa, su rubuta “kyauta” a fom. Akwai masu aika kayan naira 300,000 su rubuta 20,000. Ana ɗaukar abin wayo. Wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Duk ranar da aka buɗe irin wannan kwali a can, ƙunshin tsohuwa mai gaskiya ne zai sha bincike gobe. In an kama, ɗan uwanka da sunansa ke jikin kwalin shi zai amsa tambaya, alhali wataƙila takardun zamansa ma a hannun hukuma suke ana dubawa.

Abin kunya ne a ce wannan ya fito daga Sabo. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, jarinta amana ne. Baturen nan mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, abin da ya fi jan hankalinsa ke nan: yadda ake ba da shanu bashi, a yi cinikin goro tsakanin Kurmi da Arewa, bisa lamunin maigida da kalmar baki. Jikokin waɗannan mutane bai kamata a same su da ƙarya a kan 'yar takardar kwastan ba.

Sai maganar kilishi da dambun nama. Amurka da Ingila duka sun hana a shigar musu da nama daga ƙasashe irin tamu saboda cututtukan dabbobi. Rubuta “kyauta” ba ya halatta shi, biyan dala 80 ma ba ya halatta shi. In an gani za a ƙwace, a yi asarar nama da kuɗin awo. Turare mai giya a ciki shi ma yana da nasa ƙa'idoji, a tambaya kafin a naɗe.

Sallahu kuma, wato jakar matafiyin da na ambata. Tsada za ta sa mutane su riƙa bin duk mai tafiya da “don Allah ga ɗan saƙo”. Al'ada ce mai kyau, amma filin jirgi bai san kara ba. Abin da aka samu a jakarka naka ne. Mai ba da saƙo ya kawo shi a buɗe, mai karɓa ya duba da idonsa, kada kowa ya ji haushi.

Abin da mai aikawa zai riƙe

Kowace ƙasa da iyakarta, kuma ana canzawa, don haka a tabbatar kafin a biya. A Ingila, kyautar da ba ta wuce fam 39 ba babu harajin VAT a kanta, kuɗin fito kuwa sai ta haura fam 135. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar yuro 45 ce. A Kanada dalar Kanada 60. A Amurka dala 100, kuma in kyautar ta haura, duka kayan ake yi wa haraji, ba rarar kaɗai ba. A yawancin ƙasashen nan mai karɓa ake tara da kuɗin, wani lokaci har da ladan kamfanin da ya kai. Ka ga kyautar da ba a yi lissafinta ba tana iya zama wa ɗan uwa tara.

Kyauta a idon kwastan ita ce wadda mutum ya aika wa mutum, ba a biya shi ba. In ɗan uwa ya turo kuɗi ya ce a saya masa, ko shago ne ya aika, sunanta ciniki. Fom ɗin da ake liƙawa, CN22 ga ƙaramin ƙunshi, CN23 ga babba, a cika shi dalla-dalla: hula 2, riga 1, garin kuka rabin kilo, kowanne da kuɗinsa na gaskiya. A ajiye rasit, a ɗauki hotonsa a tura wa mai karɓa.

Kira

Ga NIPOST, buƙatunmu uku ne. Ta fito fili ta faɗi matsayin kyautar da ba ta wuce dala 100 ba. Ta gaggauta komawa karɓar haraji gwargwadon daraja. Ta liƙa farashi da ƙa'idoji a kowane ofis cikin harsunan da jama'a ke ji. Ga hukumar kwastan, ta yi wa dokar dala 300 irin wannan bayani.

Ga shugabanninmu kuwa, fadar Sarkin Hausawa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan canji da na matasa, wannan aiki ne irin na madugu. Mutum ɗaya in ya je kanta yana tambaya, za a ce masa haka muka samu umarni. Wasiƙa guda da sunan al'umma, wadda za ta nemi amsa a rubuce, ta fi ƙorafin mutum ɗari a majalisar shayi. In amsar ta zo, a karanta ta a masallatai da wuraren taro, har Sasa da Bodija da Ojoo su ji. Yaranmu masu boko kuma su ware lokaci su taya iyaye cika fom, sadaka ce.

Dokar Amurka ba a hannunmu take ba. Amma neman bayani daga hukumominmu, da rubuta gaskiya a kan kayanmu, waɗannan a hannunmu suke. Allah ya bar zumunci, ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya sa mu dace.